Manhajar da ke tara lasifikokin gida wuri guda: abin da na gani a gwajinta

Manhajar ba ta shigo kasuwa ba tukuna. Wasu matasa ne a Yelwa, nan Bauchi, suke haɗa ta, kuma aikinta shi ne ta tara wa mutum na'urorin nan masu karɓar umarni da murya a cikin waya ɗaya: lasifikar da ake yi wa magana, ƙwan lantarki, soket ɗin fanka, da duk abin da aka jona musu. Tun da Amazon ya fito da lasifikarsa mai suna Echo a 2014, Google kuma ya biyo da tasa a 2016, kowane kamfani da manhajarsa yake zuwa. Gidanmu a Fadaman Mada akwai lasifika biyu na kamfanoni daban-daban, ƙanena ne ya aiko wa Hajiya daga Ingila da idonta ya fara rauni, don haka na san wahalar tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan. Shi ya sa na yarda aka yi gwajin da ni.

Yadda suka yi gwajin ya burge ni. Ba su koya mini komai ba. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini waya ya ce, “Malama, ki jona sabon soket, ki sa tunin shan magani, ki goge abin da lasifika ta naɗa jiya. Duk abin da ya zo miki a rai ki faɗe shi a fili.” Ya koma gefe yana rubutu, ko da na kakare bai sa baki ba. Mutum biyar suke ɗauka a kowane zagaye, bisa shawarar da Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya bayar a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin da ke hana amfani da manhaja, a gyara, a sake gwadawa.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne shafin da ke nuna duk abin da lasifika ta ji. Waɗannan na'urori kunnensu a buɗe yake suna jiran kalmar da ake tada su da ita, da sun ji ta sai su tura muryar mutum zuwa manyan kwamfutocin kamfani ta intanet. Wani lokaci kuma sukan ɗauka an kira su alhali hira ake yi. A 2019 aka bayyana cewa manyan kamfanonin suna sa ma'aikata su saurari wani ɓangare na irin waɗannan muryoyi don inganta aikin na'urar. Mu kuwa falonmu nan ake maganar aure, ta gado, ta rashin lafiya. A shafin nan na ga jerin abin da aka naɗa da lokacinsa, na goge da dannawa ɗaya, kuma a rubuce yake da Hausa mai sauƙi. Sai kuma tsarin lokaci: ana iya cewa fitilar tsakar gida ta kunnu bayan magariba, ta riƙa bin lokacin sallah yadda yake matsawa a shekara. Wanda ya yi wannan tunani ya san gidan Bahaushe.

Jona soket ɗin ne ya ba ni wuya. Manhajar ta yi ta juyawa, daga bisani ta rubuta cewa an samu matsala, shi ke nan. Ashe yawancin ƙananan soket ɗin nan da wayifai mai zangon 2.4 GHz kaɗai suke aiki, wayata kuwa tana kan ɗaya zangon, mai 5 GHz. Layi ɗaya na bayani ya isa ya raba ni da wannan.

Babbar damuwata ita ce wuta. An ɗauke ta ana cikin gwaji, kafin inbata ta karɓa wayifai ya mutu, da ya dawo manhajar ta ci gaba da nuna fanka a kunne alhali tana tsaye. Ga mai gani wannan ƙaramin abu ne. Ga Hajiya, wadda za ta dogara da abin da waya ta karanto mata, ba ƙarami ba ne, musamman idan tunin maganin hawan jininta ne ya wuce shiru. Akwai ƙa'idar Matter da ta fito a 2022, wadda ke barin na'urorin kamfanoni daban-daban su yi magana da juna a cikin gida ba sai sun fita intanet ba. Na roƙe su su fifita wannan hanya, kuma duk lokacin da sadarwa ta yanke, manhajar ta faɗa ɓaro-ɓaro.

Sun kuma ɗauka mutum ɗaya ne ke riƙe da gida. Mu akwai ni, da matar yayana, da yara masu son kunna karatu da labarai. Ya kamata a iya ba kowa iyakarsa. Rubutun ma ya yi ƙanana, kuma tunda lasifikokin namu ba sa jin Hausa, manyan maɓallai Hajiya take buƙata.

Ni zan ci gaba da amfani da ita don shafin gogewa da tsarin fitila. Amma tunin maganin Hajiya yana nan a hannuna har sai sun gyara batun ɗaukewar wuta, kuma na ce musu su kira ni a zagaye na gaba in zo da ita ta gwada da kanta.