Zama a jami'a ko tafiya NBA?

Duk kocin ƙwallon kwando da ya yi suna a wata jami'ar Amurka, ba a daɗewa ƙungiyoyin NBA, babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, za su fara zawarcinsa.

Mike Krzyzewski zama ya zaɓa. Ya karɓi ƙungiyar jami'ar Duke a 1980, bai bar ta ba sai da ya yi ritaya a 2022, da kofin gasar jami'o'i ta ƙasa biyar. Ƙungiyar Lakers ta NBA ta neme shi a 2004, ya ce a kai kasuwa. Ni dai ban ga laifinsa ba. A jami'a koci shi ne wuƙa shi ne nama: shi ke bin yara har gida ya lallashi iyayensu, shi ke zaɓar mai bugawa. Wahalar kawai, taurari ba sa daɗewa, kullum cikin sabon gini ake.

A NBA kuwa tauraron ɗan wasa kan fi kocinsa albashi da faɗa a ji. Rick Pitino ya ci kofi da jami'ar Kentucky a 1996, ya koma Boston Celtics ta NBA a 1997, abin ya ƙi, ya ajiye aiki a 2001. Larry Brown kaɗai ya ɗaga kofunan biyu: na jami'a da Kansas a 1988, na NBA da Detroit Pistons a 2004.