Maganaɗisu a bushon da a jikin filtar mai: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kaya iri biyu ne, amma mai shago yakan haɗa su a baki ɗaya kamar abu guda. Na farko bushon ne, wato notin da ake kwancewa a ƙasan karte, kaskon man inji, ranar juyen mai, sai dai shi wannan an dasa masa ɗan maganaɗisu a tsini. Na biyu maganaɗisu ne da ake manna wa gwangwanin filtar mai daga waje, ko mai lanƙwasa da aka ƙera don aikin irin na FilterMag, ko tsintacce da aka ɓalle daga tsohuwar kwamfuta. A ganinmu bushon ɗin ya cancanci saye, muddin na ƙarfe ne kuma haƙoransa sun dace da motarka. Na filta kuwa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kuma babu ɗayansu da zai ƙara wa manka ko kilomita ɗaya kafin lokacin bidanji, wato juyen mai.

Dabarar ba yaudara ba ce. Filtar takarda ta yau da kullum tana tare dattin da girmansa ya kai wajen maikiron 20 zuwa 40. Maikiron ɗaya shi ne milimita idan an raba ta gida 1000, gashin kan mutum kuwa kaurinsa wajen maikiron 70 ne. Abin da ya fi wannan ƙanƙanta yawanci ratsa takardar yake yi ya koma yawo cikin inji. Ga shi kuma man da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, idan inji ya ɗauki nauyi, yakan sirance har ya koma ƴan maikiron kaɗan, saboda haka garin da filta ta rena shi ne yake iya shiga tsakani ya yi ta gurza. Shi maganaɗisu bai damu da ƙanƙanta ba, in dai baƙin ƙarfe ne ya gifta kusa da shi zai riƙe. Masu ƙera mota sun san haka: buɗe notin juyen man fon ɗin baya na Hilux ko Land Cruiser, wato gidan giyar da ke tsakanin tayoyin baya, za ka tarar da maganaɗisu tun daga kamfani, haka ma cikin kaskon giyar otomatik. A fon ɗin babu filtar takarda irin ta inji, haƙoran giya ne ke cin juna, dattin kusan duk baƙin ƙarfe ne.

A inji lissafin ya bambanta. Baƙin ƙarfe yana fitowa daga bangon silinda, daga zobban fistan waɗanda makanikanmu ke kira segiman, daga sandar da ke buɗe bawul, daga sarƙar taimin da haƙoran famfon mai. Waɗannan maganaɗisu zai kama. Fistan kuwa na alminiyam ne. Kusine, kwanon da babban shaf ke juyawa a ciki, an yi fuskarsa da alminiyam da kuza, ko jan ƙarfe da dalma. Kunkunniyar da ke baƙanta man injin gazuwal hayaƙi ce. Duk waɗannan za su wuce ta gaban maganaɗisu ko kallonsa ba za su yi ba.

Sai babban abokin gabar inji a ƙasar Damagaram, ƙura. Garin yashin da hunturu ke kwasowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da wanda mota ke shaƙa a hanyar Tanut zuwa Agadas ko ta Gure, ba ƙarfe ba ne, kuma ya fi yawancin ƙarafan inji tauri. Ta hanyar iska yake shiga, ya cinye segiman da silinda. Garin ƙarfen da ka gani a kan bushon sau da yawa aikin wannan yashin ne, wato maganaɗisu ya kama sawun ɓarawo, ɓarawon yana ciki. Mai motar da filtar iskarsa ta huje, ko robar da ke tsakaninta da inji ta tsage, ko yake ta busa mata iskar kwamfuresa har takardar ta yage, ya fara gyara can kafin ya yi tunanin maganaɗisu.

To me ya sa muke cewa a sayi bushon ɗin? Don abin da yake nunawa. Duk ranar juyen mai kana samun labarin cikin inji ba tare da ka kwance komai ba. Jiragen sama masu saukar ungulu ma da irin wannan dabara ake gane giyarsu ta fara cin kanta. Ga yadda ake dubawa. Kwance bushon ɗin inji da ɗumi, kada yaron gareji ya goge shi da tsumma kafin ka gani, wannan ne kuskuren da aka fi yi. Shafa tsinin a kan farar takarda, ka murza da yatsa. Idan abin da ya fito baƙi-baƙi ne mai laushi kamar kwalli, ba ka jin tsaki a ciki, lafiya lau, kowane inji yana yin haka. Idan ka ga tsirarun ƙarfe sun miƙe a kan maganaɗisun kamar gashin bushiya, suna ƙyalli, ko kana jin kaifinsu a yatsa, wani abu na gurzuwa fiye da ƙa'ida, mai yiwuwa sandar bawul ko sarƙa. Idan gutsure ne da za ka iya ɗauka da farce, kada a tada injin sai an sauke karte. Ɗauki hoton takardar da waya, ka rubuta kilomita a gefe. Gani ɗaya ba ya faɗin komai sosai, kwatanta na yau da na bidanjin baya ne ke nuna ko abin ƙaruwa yake. Injin da aka gama yi wa sabon segiman zai tara gari da yawa a kilomita 500 zuwa 1000 na farko, daga nan ya kamata ya ja baya. In bai ja ba, a koma wurin wanda ya yi aikin.

Akwai tarko ɗaya a nan. Bushon zai iya fita tas alhali kusine na mutuwa, tunda abin da yake zubarwa maganaɗisu ba ya kamawa. Don haka a tari tsohon man a roba mai tsabta, a karkata shi a rana. Ƙyalli mai launin zinariya ko jan ƙarfe a ƙasan robar ya fi duk abin da ke kan bushon tayar da hankali.

Wajen saye ne mutane ke cutuwa. Haƙoran notin juyen mai ba ɗaya ba ne. Yawancin ƙananan motocin Toyota da Nissan M12 ne, wato kaurin milimita 12, mai tazarar haƙori milimita 1.25. Honda, Hyundai, Kia da Volkswagen yawanci M14 mai tazarar 1.5. Peugeot kuwa ya danganta da injin, kada a yi kirdado. M12 mai 1.5 zai shiga ramin mai 1.25 zagaye ɗaya ko biyu kamar gaske, sannan ya cije, mai sifana ya ƙara ƙarfi, haƙoran karte su tafi. Idan karten na alminiyam ne abin ya fi sauri. Tafi shago da tsohon bushon a aljihu, ka jera haƙoransu su shiga cikin juna ba tare da haske ya ratsa ba. Duba tsawo kuma: wanda ya zarce na asali sosai zai iya taɓa rariyar da famfo ke zuƙar mai ko farantin da ke cikin karte.

Bushon masu launi, ja da shuɗi da ruwan zinari, su suka fi ɗaukar ido, su ne kuma ba mu so. Alminiyam ne, an rarake cikinsa don a zaunar da maganaɗisu, bangon da ya rage siriri ne. Notin juyen mai na Corolla ana ɗaure shi wajen Nm 37 zuwa 40 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a garejinmu kuma ba kowa ke da sifanar awon ɗauri ba, da dantse ake auna shi. Na alminiyam kansa yakan tsinke ya bar gindin a cikin rami. Ɗaga shi a tafin hannu, rashin nauyin zai gaya maka. Nemi na ƙarfe, sannan ka dubi yadda aka zaunar da maganaɗisun: wanda aka danna ciki aka naɗe bakin ƙarfen a kansa ya fi wanda gam kaɗai ke riƙewa. Gam a cikin tafasasshen mai yana sakewa. In karten na baƙin ƙarfe ne maganaɗisun da ya fita zai manne a ƙasa, in na alminiyam ne zai yi yawo har ya sami ƙarfen da zai kama, ba kuma kai za ka zaɓa masa ba.

Zafi shi ne abin da masu talla ba sa ambata. Ƙaƙƙarfan maganaɗisun nan mai ƙyallin azurfa, neodimiyam, nau'insa na gama-gari iyakar aikinsa digiri 80 ne. Man inji yana aiki tsakanin 90 da 110, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma ke haura digiri 40 a Zinder, motar da ta ɗauki kaya zuwa Matamai ko Magarya za ta iya wuce haka. Wanda ya sha zafin da ya fi ƙarfinsa yana rasa wani kaso na jansa, ko ya huce ba ya dawowa duka. Masu harafin H a ƙarshen lambarsu suna jure 120, masu SH 150, irin su N42SH. Su ake so. Tunda yawancin na kasuwa babu rubutu a jiki, gwada da kanka: ga wace sifana tsinin yake iya ɗagawa, jefa bushon ɗin cikin ruwa mai tafasa minti goma, bari ya huce, sake gwadawa da sifanar nan. In ta faɗi, cikin inji ma haka zai yi.

Ɗaurawa ba wuya. Sabon wosha kowane lokaci, na alminiyam ko na jan ƙarfe, domin tsohon ya riga ya murƙushe, shi ke sa a yi ta ƙara ɗauri don tsayar da ɗiga. Fara da yatsu har ya zauna, sannan sifana. Bayan an zuba mai a tada inji minti biyu a leƙa ƙasa.

Maganaɗisun jikin filta, a ƙa'ida yana da hujja fiye da bushon, don duk man inji ta nan yake bi: yana shiga ta ƙananan ramukan gefe, ya bi bangon gwangwani, ya ratsa takarda, ya fita ta tsakiya. Maganaɗisu a gefen gwangwani yana riƙe gari a ɓangaren datti, a yar da shi tare da filtar. Matsalar ita ce bangon kansa ƙarfe ne, yana shanye wani kaso na jan, man kuma da gudu yake wucewa. Mai faɗi da ya rungumi gwangwanin yana kama wani abu, in ka yanka filtar za ka ga zanensa baƙi a ciki. A yanka da abin yankan gwangwani, zarto zai cika ta da garinsa ya ruɗe ka. Ɗan guntun kwamfuta ko zoben tsohuwar lasifika kuwa kusan ado ne: na farko zafi na kashe shi, na biyu ba shi da ƙarfi ga nauyi, gargadar hanya za ta zame shi. Idan an sa, kada a matsar da shi ko a cire sai filtar ta sauka daga mota, in ba haka ba abin da ya tara wata uku zai saki lokaci guda, kuma idan bawul ɗin kewaye na filtar ya buɗe, kamar da sanyin asuba lokacin da mai ke da kauri, kai tsaye zai tafi cikin inji. Motocin da filtarsu takarda ce zalla cikin gidan roba ko alminiyam, kamar sababbin Toyota da Peugeot da yawa, babu inda zai manne. Manyan maganaɗisun suna datse yatsa, suna kuma fashewa in sun haɗu da ƙarfi, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya nisance su. Kuɗin maganaɗisu na kirki in aka sa shi a filta ta asali maimakon jabu, injin zai fi amfana.

Inda bushon mai maganaɗisu ya fi biyan kuɗinsa ma ba mota ba ce, babur ne. Ƙananan baburan ƴan kabu-kabu, masu 110 da 125, yawancinsu ba su da filtar takarda, rariya ce kawai da wani kofi mai juyawa da ke wurga datti gefe. Inji da giya da kuloci duk mai ɗaya suke sha, wajen lita ɗaya, garin haƙoran giya yana komawa kan fistan. Notinsu galibi M12 ne mai tazarar 1.5, karten kuma alminiyam, saboda haka na Corolla ba zai yi ba ko da ido ya ce daidai suke. Ɗaurinsa wajen Nm 20 zuwa 25 ya isa, da gajeriyar sifana, ba tare da an zura mata bututu ba.