Wata takwas da haɗa shagunanmu da Garwa ta SD-WAN: abin da na gani

Kawuna ɗan sari ne, shinkafa da sukari da man girki da sabulu. Babban sito da ofis suna Garwa, a arewacin Kamaru, sai rassa huɗu: Gidar, Marwa, Kusuri, da Ngaundare inda kayan da jirgin ƙasa ya ɗauko daga kudu ke sauka. Ni ke kula da kwamfutoci da lissafin kaya. Kafin bana, kowane reshe da ɗan modem ɗinsa yake aiki, da magariba kuma a ɗauki hoton littafin ciniki a turo mini ta WhatsApp, in zauna in shigar da hannu. Sau da yawa farashin sukari ya tashi a Garwa tun Litinin amma Kusuri na sayarwa a tsohon kuɗi har Alhamis. Ba don rashin amana ba, saƙon ne bai isa a kan lokaci ba. Wannan asarar ce ta kai mu ga ɗaukar hidimar SD-WAN daga wani kamfani da ke da ofis a Duwala. Ba zan ambaci sunansa ba, don zan faɗi alherinsa in faɗi inda ya gaza.

Ga wanda bai taɓa jin abin ba: ana ajiye ƙaramin akwati a kowane shago, a soka masa layukan intanet biyu ko fiye. Akwatunan su gina bututun sirri a tsakaninsu a kan intanet ɗin da kowa ke hawa, duk abin da ya bi ciki a kulle yake da mabuɗi. Daga nan ba sai ka je kowane gari ka saita na'ura ba. Allo ɗaya ne a kwamfutarka, ka rubuta doka a kansa, ita kuma ta sauka a kan akwatunan gaba ɗaya. Mu a Garwa da Marwa da Ngaundare mun haɗa layin fayiba da sim na 4G. A Gidar da Kusuri sim biyu muka sa, ɗaya na MTN ɗaya na Orange, don in rezo ɗin wannan ya yi rauni a koma wancan.

Ranar da za a zana tsarin, injiniyan kamfanin ya shimfiɗa mana zaɓi uku, kuma su ne dai ukun da ƙungiyar da a da ake kira MEF, mai tsara ƙa'idojin irin wannan hidima, ta daɗe da rarrabewa: layi tsakanin wuri biyu kawai, ko kowa ya yi magana da kowa, ko kuma tsarin bishiya, saiwa ɗaya da ganyaye masu yawa. A na ukun, saiwa tana magana da kowane ganye, kowane ganye yana magana da saiwa, amma ganye ba ya jin ɗan'uwansa ganye. Ban gama fassara wa kawu ba ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, wannan shi ne. Ai haka gidan nan yake tun kafin a haife ka. Kowa ya kawo lissafinsa wajena, ba wanda zai leƙa littafin wani." Na ce, "To, Kawu, amma ka san duk nauyin zai koma kan Garwa." Ya ce ya sani. Ni ma a raina shi nake so, saboda wani dalili daban: yaran shago suna yawan soka filashi a kwamfuta don kwafar waƙa ko karatu, kuma na taɓa kwana uku ina wanke cutar kwamfuta. A tsarin bishiya, in ta kama Marwa ba ta da hanyar tsallakawa Kusuri kai tsaye.

Saitin kansa a allo bai kai awa ɗaya ba. Ka ƙirƙiri hidima, ka ba ta suna, ka nuna akwatin Garwa ka ce shi ne saiwa, sauran huɗun ka yi musu alamar ganye, ka ba hidimar lambar rukuni. Mun yi rukuni biyu, ɗaya na manhajar lissafin kaya, ɗaya na wayar cikin gida da kyamarori. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka kunna rassan. Ban je Kusuri ba, tafiyar da ta haura kilomita 400 daga nan. A motar haya muka aika akwatin, na kira yaron shagon na ce ya soka wuta ya soka sim, akwatin da kansa ya nemi uwar garken kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke sarrafa akwatunan, ya sauko da saitinsa. Kafin la'asar sai ga Kusuri ta yi kore a allona. Wannan kam sun cika alkawari.

Wahalar ta fara ne washegari, kuma ita ce na fi so masu niyyar saye su sani. Bututu a tsaye, komai kore, in na aika ɗan gwajin "kana nan?" Marwa ta amsa nan take. Amma da mai lissafin can ya buɗe rahoton kaya sai allon ya tsaya fari, ya yi ta juyawa har ya gaji. Ƙananan shafuka suna buɗewa, manya ba sa buɗewa. Kwana biyu ina zargin manhajarmu. Ashe girman ƙunshi ne. Bayanai a kan waya ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, kuma mafi girman da aka saba shi ne bayit 1500 (bayit ma'aunin girman bayanai ne). To bututun sirri yakan ɗauki ƙunshin nan ya sa shi cikin wani ambulan, ya ƙara masa adireshi da hatimi, sai ya haura 1500. Kamar motar albasa ce da aka yi wa lodi daidai tsayin ƙofar sito, sannan aka ɗora tamfol da igiya a sama: ba za ta shige ba. A ƙa'ida na'urar da ke kan hanya ya kamata ta aiko da saƙo ta ce a rage, amma wani wuri ana toshe irin wannan saƙon, sai babban ƙunshin ya ɓace shiru. Maganin layi biyu ne a allo: muka mai da iyakar bututun 1400, muka sa akwatin ya riƙa gaya wa kwamfutoci tun farkon gaisuwa kada su wuce 1360. Nan take rahoton ya buɗe. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wannan sananniyar matsala ce ga duk wanda ya taɓa ɗora bututu a kan 4G, kuma takardar da suka ba mu ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kai ba. Sai da na kai ga injiniya na uku a waya kafin aka ambata.

Wata ƙaramar kuma: sim na 4G ba ya ba ka adireshin intanet naka na kanka, mutane da yawa ke raba guda. Saboda haka ganye ne ke iya kiran saiwa, ita kuwa saiwar dole ta sami tabbataccen adireshi da ba ya canzawa. Sai da muka biya kuɗin wannan daban a layin fayiba na Garwa, kuma ba ya cikin lissafin da aka nuna mana da farko.

Sai wuta. Duk mazaunin arewacin Kamaru ya san kuran ɗinmu galibi daga madatsar Lagdo yake zuwa, a kan Binuwai, kuma ya san yadda Maris da Afrilu suke, zafi ya haura digiri 40, ruwa ya ja baya, buƙata ta ƙaru. Na yi tanadin batiri a Garwa amma na yi sakaci da Gidar. Akwatin can in ya mutu ya daɗe, yakan tashi da agogonsa a rikice, takardar shaidar da yake nunawa kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Agogo ya ce wata shekara daban, sai a ƙi karɓar shaidarsa, bututu ya ƙi tashi har sai ya samo lokaci daga intanet. Wani lokacin minti biyar, wani lokacin sai an kashe an kunna. Yanzu kowane reshe yana da faranti ɗaya na sola da batiri na akwatin shi kaɗai, ba a yarda ko cajin waya a yi a jiki ba. Tun daga nan Gidar ba ta sake yi mini haka ba. Na kuma ɗaga akwatunan daga ƙasa na sa musu rariya, don ƙurar hunturu ta kusa toshe na Marwa.

Inda abin ya biya kuɗinsa shi ne sauya layi. Akwatin kullum yana auna kowane layi, jinkirinsa da yawan ƙunshin da ke zubewa, in ɗaya ya lalace ya mai da aiki kan ɗayan. Da damina masu gyaran hanya suka tsinke fayiba a unguwarmu, muna tsakiyar ciniki, mai karɓar kuɗi a Ngaundare bai ma san an yi ba. Ni na gani a allo layin ya yi ja, aiki ya koma sim. Na kuma sa doka cewa manhajar lissafi da waya su ne gaba, kyamara ta jira, kallon bidiyo kuwa a ƙarshen layi. Sai dai awon nan ba kyauta ba ne. Ƙananan saƙonni ne yake aikawa dare da rana, kuma a sim data suke ci ko shago a rufe yake. Watan farko kuɗin data na Kusuri ya ba ni mamaki. Na rage yawan awon a layin ajiya, abin ya sauko, amma sauyawar ta ɗan ƙara jinkiri da 'yan daƙiƙu. Na yarda da wannan cinikin.

Yanzu ga aibin tsarin bishiya, wanda ba laifin kamfanin ba ne, zaɓinmu ne. Marwa da Kusuri suna yawan musayar kaya, domin 'yan kasuwar Njamena suna tsallako gadar Ngeli su saya a Kusuri, in kaya ya yanke kuma Marwa ce mafi kusa. Amma a tsarinmu ba sa ganin juna. Na buɗe musu wayar cikin gida kawai, ita ma sai ta bi ta Garwa ta dawo. Ma'aunin ITU, ƙungiyar sadarwa ta duniya, ya ce murya tana daɗin ji in jinkirinta a tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba. Ranar da ɓangarorin biyu suke kan 4G, mukan haura, sai ka ji mutum biyu suna hawa kan maganar juna. Ɗan'uwana da ke riƙe da Marwa ya ce mini, "Yaya, gara in kira shi da wayata." Ban hana shi ba. Mafi girma kuma, in Garwa ta faɗi kowa ya faɗi. Ya faru sau ɗaya, batirinmu ya ƙone, rassa huɗu suka koma biro da takarda har azahar. Tsarin ya yarda a yi saiwa biyu, kuma na riga na nemi farashin mayar da Ngaundare saiwa ta biyu.

Tambaya ɗaya da na yi kafin mu sa hannu, ina ba kowa shawara ya yi ta: ina uwar garken da ke sarrafa akwatunan take? Tamu a Turai take. Ban manta 14 ga Maris 2024 ba, ranar da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi nauyi har nan Kamaru. Injiniyan ya ce in hanyar waje ta yanke, akwatunan za su ci gaba da dokar ƙarshe da suka karɓa, sai dai ba zan iya canza komai ko ƙara sabon reshe ba. Na sa an rubuta mini wannan a yarjejeniya, na kuma gwada da kaina wata Juma'a da yamma: na toshe hanyar zuwa uwar garken, rassan suka ci gaba da ciniki.

Ga mai gida ɗaya da rassa da ke kawo masa lissafi, kamar kantin magani mai rassa ko makaranta ko ɗan sari irin kawuna, ina ganin ya cancanci kuɗinsa, in har an sa kuɗin sola da na tabbataccen adireshi a lissafi tun farko. Wanda rassansa suka fi hulɗa da juna fiye da babban ofis, ya nemi tsarin kowa da kowa. Mu dai mun sabunta na shekara guda. Jiya da safe kawu ya sauya farashin man girki da ƙarfe takwas, ya kira Kusuri da kansa ya ce a karanta masa abin da ke allo, aka karanta masa sabon farashin.