Google Forms ko KoboToolbox, wanne ya fi wa ɗalibin Gusau wajen tattara amsoshin bincike?

Ɗaliban FUGUS (Jami'ar Tarayya ta Gusau) masu rubuta furojet, musamman 'yan soshiyoloji da kimiyyar siyasa, kowa Google Forms yake ruga wa, kuma gaskiya yana da sauƙi, ka tsara tambayoyi ka jefa a WhatsApp amsa ta zubo cikin Google Sheets. Amma wa zai amsa maka? Mai data da babbar waya ne kawai, su ma yawanci 'yan makaranta irinka.

In bincikenka kan manoman Bakura ne ko matan Tsafe, to Kobo ya fi nesa ba kusa ba. Ka sauke manhajarsa KoboCollect a wayar Android, ka je ƙauye ko babu sabis, kai ne za ka riƙa karanta wa mutum tambayar da Hausa kana cikewa, har GPS na wurin yana ɗauka, sai ka dawo gari ka tura gaba ɗaya. Mu da aka taɓa rufe wa layukan waya a 2021 mun san darajar wannan.

Kobo dai yana son ka zauna ka koya kafin ka fita, kuma dole ka tafi da fawa bank. Malamai don Allah ku sa shi cikin darasin hanyoyin bincike.