Gargaɗi ga mai niyyar sayen gidan haya a Samaru da kewaye

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, amma da labari ya iso mini cewa mutanen da suka cuce ni sun koma wata unguwar suna neman wani, sai na ga shiruna zai zama taimaka musu.

Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati. Da kuɗin sallamata suka fito, shawarar da kowa ya ba ni ɗaya ce: ka sayi gidan haya kusa da jami'a. Shawarar kuwa ba ta da aibu. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962 ɗalibai ke ƙaruwa, ɗakunan kwanan cikin makaranta ba sa isarsu, dole su fantsama Samaru, Hayin Dogo, Zango, Palladan da Hanwa. Haka abin yake a Kongo da Gyallesu, haka a wajen Gaskiya inda wani reshen kwalejin Nuhu Bamalli yake, ga kuma ma'aikatan asibitin Shika. Wanda ya samu gida mai kyau a waɗannan wuraren ba ya rasa 'yan haya. Wannan gaskiyar ce 'yan damfara suke sa wa a bakin ƙugiya.

Dillalin ta hannun wani sananne ya zo mini. Mutum mai fara'a, ga carbi a hannu, ba ya kirana sai da "Baba Alhaji". Ya ce akwai gida mai ɗaki 10 a bayan Samaru, kowane ɗaki da banɗakinsa, ga rijiya ga tankin ruwa a sama, kuma cike yake da ɗalibai. Mai shi, in ji shi, yana da mara lafiya a Shika, kuɗin aiki ake nema da gaggawa, shi ya sa ya karya farashi. Ya ƙara da cewa wani ɗan kasuwa daga Kano ya riga ya taya, sai dai shi ya fi son gidan ya zauna a hannun ɗan gari.

Sau biyu ya kai ni gidan, kuma duka biyun da hantsi, wajen ƙarfe 11, lokacin da ɗalibai suke aji. Ƙofofi duk a kulle, sai takalma a bakin ɗakuna da shanya a kan igiya. Rana ta biyu muka tarar da wata yarinya tana wanke tukunya a bakin rijiya. Ta gaishe ni, na buɗe baki zan tambaye ta nawa suke biya, sai ya riƙo hannun rigata a hankali ya ce, "Baba Alhaji, kada su ji za a sayar. Yaran nan in sun ji, sai su daina biya, su ce sai sabon mai gida ya zo." Maganar ta shige ni. Ya ciro littafin rasit mai shuɗin bango ya buɗe mini, ga sunaye ga kuɗi ga sa hannu. Muka zauna a inuwar zaure ya buga mini lissafi a wayarsa: ɗaki 10 sau kuɗin shekara, cikin 'yan shekaru uwar kuɗina ta dawo, saura duk riba.

A wannan lissafin babu kwashe masai, babu fenti, babu gyaran kwano bayan damina, babu harajin fili, babu ɗakin da zai kwana wata uku ba kowa. Babu kuma yajin aiki. Duk mai gida a Samaru bai manta da 2022 ba, lokacin da malaman jami'a suka tafi yaji daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, bayan abin da aka sha a 2020 na korona da wani dogon yajin. Ɗalibai suka kulle ɗakuna da kayansu a ciki suka tafi gida, kuɗin hayar wasu ya ƙare suna can, ba ka isa ka fasa ƙofa ba, ba ka kuma da wanda za ka tambaya. Duk wanda ya lissafa maka ribar gidan ɗalibai bai cire waɗannan ba, ko dai bai san sana'ar ba, ko kuwa ya san abin da yake yi.

Na ba da kafin alƙalami a ranar, cikin mako guda na cika sauran, dillali ya karɓi la'adarsa. Takardar da aka ba ni yarjejeniya ce da aka buga a shagon kwamfuta, da kwafin wata tsohuwar takardar ciniki mai hatimi da ya dushe. Shaidu biyu, duka su suka zo da su. Wanda aka nuna mini a matsayin mai gida matashi ne, ya sa hannu kansa a sunkuye, na ɗauka damuwar mara lafiyarsa ce.

Farkon sabon zango na je karɓar haya. Na tara ɗaliban a tsakar gida da yamma na gabatar da kaina. Wani daga cikinsu ya shiga ɗaki ya fito da rasit, cikin ladabi ya ce, "Baba, ai mun biya na shekara biyu." Sai sauran ma suka fito da nasu. Ashe wata guda kafin cinikinmu an bi su ɗaki-ɗaki an ce wanda ya biya shekara biyu a dunƙule za a yi masa rangwame mai yawa, iyayensu suka yi ƙoƙari suka turo. Littafin da aka nuna mini na bara ne. Yaran ba su da laifin komai, haƙƙinsu ne su zauna har wa'adinsu ya cika. Bayan kwana kaɗan ma'aikatan wuta suka zo da tsani za su yanke, saboda bashin da ya taru a kan gidan tun ban san da shi ba.

Ina cikin wannan sai ga sammaci daga kotun shari'ar Musulunci. Gidan na gado ne, ba a raba ba. Mamacin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku, mata huɗu, ƙaramarsu ko firamare ba ta gama ba. Wanda ya sayar mini ɗaya ne daga cikin mazan. In aka cire tumunin uwargida, wato kashi ɗaya cikin takwas, aka raba saura namiji na ɗaukar rabon mata biyu, abin da ya faɗo masa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gidan ba. A ɗaki 10, ko biyu bai cika ba. Malamin da na je wurinsa ya warware mini sauran: wanda ya sayar da abin da ba nasa ba, cinikin yana rataye ne a kan yardar masu shi, kuma ba su yarda ba. Ko ɗan rabon nasa ma, 'yan'uwansa suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar mini da kuɗin wannan kason su karɓe shi, tunda tarayya suke a gidan da ba a raba ba.

Ranar zaman farko na ga uwar yaran a zaune a kan benci a bakin kotu, da ƙaramar 'yar a jikinta. Ta gaishe ni ta ce, "Alhaji, wallahi da kuɗin hayar nan nake ciyar da marayun nan." Ban iya ce mata komai ba sai haƙuri. Ni an cinye mini gumin shekara 35, ita an cinye mata abincin shekara biyu, kuma hannu ɗaya ne ya yi mana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tafiyar minti biyar ce daga gidan zuwa ƙofar mai unguwa. Da na je daga baya ya ce, "Malam, da ka zo kafin ka biya, ai ko yaron da ke sayar da rake a bakin layin nan ya san gidan marayu ne." Don haka duk gidan da za ka saya, je ka kai kaɗai, ba tare da dillali ba, bayan la'asar ko ranar Asabar. Yi salla a masallacin layin, ka tambayi liman da maƙwabta na wane ne. Zauna da kowane ɗan haya ka ga rasit ɗinsa da idonka, ka san ranar da kuɗinsa zai ƙare, ka kai lambar mita ofishin wuta a duba maka bashi. In an ce gado ne, a kawo takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya bayyana, marayu kuma a ga waliyyinsu. In an ce akwai takardar mallaka ta gwamnati, kada ka yarda da kwafi. Tun dokar filaye ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna ne, mai irin wannan takardar ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna, kuma tun 2015 hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye a Jihar Kaduna. A je can a bincika sunan wa ke kan fayil, kuma ko an jinginar da gidan a banki. Kuɗin lauya da na wannan binciken bai kai ko kusa da la'adar da na ba dillali ba. Kuɗin ciniki kuma ta banki, zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda.

Yanzu na gane gaggawar da suka sa ni da hana ni magana da mutane su ne jarin sana'ar tasu. Mara lafiyar Shika babu shi, ɗan kasuwar Kano babu shi.

Iyayen sababbin ɗalibai ma ku kula, don na ji a bakin yaran gidan cewa masu irin wannan hali suna karɓar kuɗin ɗaki ɗaya daga mutum uku a makon rajista. Kada ku tura kuɗi sai ɗanku ya ga mai gida ya riƙe makulli.

Maganarmu tana gaban alƙali, na kuma kai ƙara wurin 'yan sanda, shi ya sa ban ambaci sunan kowa ba. Matashin yana zuwa kotu, ya ce dillalin ne ya kwashe fiye da rabin kuɗin. Lambar dillalin a kashe take tun ranar da sammaci ya fito. Magada sun sa an rubuta da jan fenti a bangon gidan cewa ba na sayarwa ba ne. Makon jiya kuma wani maƙwabcina ya ga dillalin a Hanwa da hantsi, yana nuna wa wani dattijo gida, da littafin rasit a hammatarsa.