Numberblocks ko Ubongo Kids: wanne ya dace da ɗan shekara biyar?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara biyar yana rera ɗaya zuwa ashirin kamar karatu, amma in kika zube masa tsakuwa bakwai kika ce nawa ne, sai ya tsaya kallonki. Kina tambaya wanne katun za ki kunna masa cikin waɗannan biyun. Ni dai Numberblocks zan ce, a yanzu.

Shirin Birtaniya ne, BBC ta fara nuna shi a tashar yara ta CBeebies a 2017, kuma kowane kashi kamar minti biyar ne. Dabararsa ita ce lambobin su ne 'yan wasan, kuma jikin kowace lamba tubala ne daidai adadinta. Ɗaya tubali ɗaya ce ja, Uku tubala uku. In Ɗaya ta haɗu da Biyu, a gaban idon yaro suke mannewa su zama Uku, in sun rabu kuma ga ɗebewa nan. Huɗu yana ta alfahari da cewa shi murabba'i ne. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke nuna cika da mara: a jera tubalan bibbiyu, in ɗaya ya yi saura a sama ba abokin zama, to mara ce. Matsalar ɗanki ke nan: ya haddace sunayen lambobi, bai ga yawansu ba tukuna. Illar shirin ɗaya, Turancin Ingila ne zalla, sai dai hoton yana yin fiye da rabin bayanin.

Ubongo Kids kuwa daga Tanzaniya ya fito, an fara shi a 2014 da Suwahili kafin a juya shi zuwa wasu harsuna. Labari ne sosai: yara a ƙauyen Kokotoa suna cin karo da wata matsala, sai sun yi lissafi ko kimiyya za su fita, ga waƙoƙi, ga tsuntsuwa Mama Ndege. Ya fi tsawo, kuma an yi shi ne don 'yan firamare masu shekara bakwai zuwa sama, waɗanda suka kai ga ninkawa da rabawa. Ɗan shekara biyar zai bi waƙar ya bar lissafin a baya. Masu shirin suna da na ƙanana, Akili and Me, amma shi ya haɗa da haruffa da zane, ba lissafi kaɗai ba.

Kada ki bar shi da waya shi kaɗai yana zarcewa daga wannan kashi zuwa wancan. Kashi ɗaya ko biyu sun isa. In an gama, ki ɗauko murafan kwalba biyar, ki ɓoye biyu a tafin hannunki, ki tambaye shi nawa kika ɓoye. Ranar da ya ce biyu ba tare da ya buɗe hannunki ba, ki ƙara su zama shida.