C, C++ ko Rust: Wanne Za Ka Ɗauka In Manhajarka Tana Jan Ƙafa?

Kafin ka sake rubuta manhajarka da yare irin C, C++ ko Rust, wanda zai ba ka damar sarrafa ma'adana (RAM, inda manhaja ke ajiye bayanai yayin da take aiki) da hannunka, fara auna ta tukuna. Kayan awo irin su perf a Linux za su nuna maka inda lokaci ke tafiya. Sau da yawa layuka kaɗan ne ke cinye shi, su kaɗai ke neman gyara. Haka NumPy, kayan lissafi na yaren Python, take aiki: da Python kake rubutu, amma C ce ke ɗaukar nauyin lissafin a ƙasa.

Waɗannan yarukan suna ba ka manuni (pointer), amma manuni adireshi ne kawai na wani gurbi a RAM, ba shi ne ke kawo sauri ba. Saurin yana wajen yadda ka jera bayananka. Firosesa, wato sashen kwamfuta da ke yin lissafi, a dunƙule take ɗebo bayanai, yawanci bait 64 a tashi ɗaya (bait ma'aunin girman bayanai ne). In lambobinka masu bait 4 suna jere kafaɗa da kafaɗa, ɗiba ɗaya ta kawo maka 16. In kuwa kowace tana nata lungun, manuni yana aika ka daga wannan zuwa wancan, firosesa sai ta yi ta zaman jira.

C, wadda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs a farkon shekarun 1970, tana sakar maka komai. Ka nemi gurbi da umarnin malloc, ka mayar da shi da umarnin free. Ka manta, ma'adana ta yi ta cika. Ka taɓa gurbin da ka riga ka mayar, ka buɗe wa ɓarayin bayanai ƙofa. Heartbleed, ɓarakar tsaro ta 2014 a OpenSSL (manhajar ɓoye saƙonnin intanet), daga rashin duba tsawon saƙo ta samo asali, kuma a 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da take toshewa matsalar ma'adana ce. Duk da haka, in ƙaramar na'ura kake wa aiki, C ce ka fi samun kayan aikinta a shirye.

In tsohon aikinka da C++ aka gina shi, zauna nan. Tun sigar C++11 akwai unique_ptr, manunin da ke mayar da gurbi da kansa.

Sabon aiki kuwa, ni Rust nake zaɓa. Sigarta ta 1.0 ta fito a 2015. Kowane bayani yana da mai shi guda ɗaya, sauran aro suke yi, kuma in aron ya saɓa ƙa'ida shirin ba zai haɗu ya zama manhaja mai aiki ba sam. Makonnin farko za ka sha wuya, gaskiya, kuma haɗa babban shiri yana cin lokaci. Amma kuskuren da zai kama ka a teburinka ya fi wanda zai bayyana a hannun masu amfani da manhajar. Linux ma ta fara karɓar Rust a siga ta 6.1, a ƙarshen 2022.

In kuma awonka ya nuna jiran intanet ko rumbun bayanai ne ke cin lokacin, bar manuni. Yaren Go, mai share ma'adana da kansa, ya ishe ka.